Kofin Labarin Na'Allah

A bakin tashar Illela, duk wanda ya sha shayi a shekarun tamanin ya san teburin Na'Allah. Ba wai shayinsa ya fi na kowa ba ne, don madararsa ma sai ka ƙura ido kafin ka gan ta. Abin da ke tara masa jama'a wani tsohon kofi ne shuɗi, wanda ba a taɓa ba kowa ya sha da shi ba.

Garin iyaka ba ya rabo da labari. Direba ya kawo nasa daga Kwanni, masunci ya kawo nasa daga Kalmalo, kowa da rantsuwarsa. Na'Allah ba ya musu da kowa. Tambayarsa ɗaya ce: "Wa yag gani?" In an rasa wanda ya gani da ido, sai ya kwantar da kofin, wato jita-jita ce. In ya tabbata abin bai faru ba, sai ya kife shi. In kuwa ya faru, sai ya tsayar da shi ya zuba shayi daidai girman abin. Ranar da wani masunci ya rantse ya kamo kifi mai girman maraƙi, Na'Allah ya tsayar da kofin, ya ɗiga masa ɗigo biyu. An dai kama kifi, amma maraƙi yana gida wajen uwarsa.

Wanda ya fi shan wuyar kofin nan shi ne Dabo ɗan kamasho, mutumin da in ya ga hayaƙi zai ce rabin kasuwa ya ƙone. Shekara da shekaru yana kawo labari, kofi yana kwance kamar mai zazzaɓi.

Sai aka rufe iyaka. Jamilatu, 'yar farin Na'Allah, tana aure a Kwanni, can tsallaken iyaka, da cikin fari, ba halin ta zo gida haihuwa. Shi kuwa saboda kunyar 'yar fari ko sunanta ba ya kamawa, balle ya nuna damuwa. In an yi zancenta sai ya hau fifita wuta.

Wata safiya Dabo ya iso teburin, yau babu ihu. Ya ce, "Baba Na'Allah, an ce naƙuda ta yi ma ɗiyakka tsanani. An ce an kai ta likita. An ce ma..." Ya kasa ƙarasawa.

"Wa yag gani?"

"Ba kowa. Ji ni yi ga wani direba."

Kowa ya san hukuncin: kofi ya kwanta. Amma Na'Allah ya ɗauke shi, ya kife shi, ya ɗora gwangwanin sukari a kai. Bai da shaida, bai da komai, tsoro ne kawai. Ranar ce kaɗai ya yi wa kofinsa son kai, kuma ba wanda ya yi masa gyara, har Dabo.

Matarsa Baraka ba ta jira kofi ba. Ta bi ayarin masu jakuna ta hanyar daji. Kwanakin da ta yi can, an kawo labarai iri-iri, Na'Allah bai ɗaga gwangwanin ba. Shayin ma ya lalace, wani ya sha gishiri, wani ya sha ruwan zafi zalla, suka biya suka tafi abinsu.

Ran kasuwa da hantsi sai ga Baraka, ƙafa duk ƙura, ko gida ba ta biya ba. Ta tsaya gefen tebur ta ce, "Malam, ni nig gani da idona. Wuya kam ta sha, amma ta sauka lafiya. Tagwaye, duk maza, tana ta cin tuwo."

Jama'a suka ɗauki kabbara. Na'Allah kuwa, ina shi ina murnar 'yar fari a gaban mutane? Ya dai ɗage gwangwanin, ya goge kofin da bakin rigarsa, ya tsayar da shi, ya karkata buta. Kofi ya cika, shayi ya malale kan tebur, ya jiƙa burodi, yana sauka kan takalman Dabo.

Dabo ya yi tsalle gefe ya ce, "Baba, mi kaka yi haka? Shayi na zuba!"

Na'Allah bai ɗaga butar ba, idonsa cike da ƙwalla. Ya ce, "Bar shi, Dabo. Kofin na ƙarami."