Arba'in, Duk Kunne a Tsage

Shekara talatin da biyu Mai Zane ya yi a ɗakin baya na wani shagon ɗab'i, yana rubuta allunan talla da buroshi, kafin kwamfuta ta zo ta sallami sa'o'insa. Shi kuwa ya zauna ya koye ta da furfurarsa, har ya kai yana ƙera dabba a fuskar na'urar, gashinta kamar ka kai hannu ka shafa.

Wata makarantar likitocin dabbobi ta ba shi aikin hoton bango, a kan binciken nan da ake ɗaukar ƙwayar halitta daga jikin dabba a samar da wata irinta sak. Ya tsara tumaki arba'in a makiyaya guda, uwa ɗaya da kwafinta. Ƙa'idarsa, wadda ya sha yi wa ma'aikata faɗa a kanta, ita ce a gama kwafi tukuna, sannan a yi wa ta asalin alama. Alamar uwar tsaga ce a kunnen hagu.

Da hantsin ranar da za a karɓi aikin, ya nemi uwar. Ya faɗaɗa ta farko, kunne a tsage. Ta biyu ma haka. Kafin ya kai ta goma, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Mahaifinsa ma da ƙananan kurakurai ya fara, ya ƙare yana tambayar 'ya'yan cikinsa ko su baƙin wa ne.

Sai ga matarsa ta biyo shi shago, ta turo ƙofa.

"Baban yara, ga tabaraunka. A firji na tsince shi. Ko shi ma zafi ya dame shi?"

Bai yi dariya ba. "Zo ki nuna mini uwar tumakin nan."

Ta sunkuya ta ƙura ido. "Garken naka da ba ya cin dusa? Ai duk kunnensu a tsage yake. Ba jiya ka ce mini ka gano kuskuren, har ka gyara ba?"

"Ni na ce?"

"Kai da bakinka, kana cire takalmi."

Ya laluba cikin kansa yana neman jiya, bai samu komai ba. Tumakin suka yi cirko-cirko suna kallonsa da ido iri ɗaya.

"Kada ki gaya wa yara," in ji shi.

Ta ja kujera ta zauna kusa da shi. "Su suka fara gaya mini. Wata uku ke nan Auta tana roƙona in kai ka asibiti."

Daga bisani ya ƙwala wa wani abokin aikinsa kira ya zo ya ƙarasa hoton, ya tashi ya bar masa kujerar.

"Wace rana likitan yake zama?"

"Laraba."

"To, ke ki riƙe ranar. Kada ki dogara da ni."