Iskar da Ke Cikin Katifar Inna

Ranar Talata ce, tsakiyar damina. Gero ya fi mutum tsayi. An kwana biyu ana ruwa, sai ranar gari ya waye tas.

Mu uku ne a gidan: ni, da maigidana, da mahaifiyarsa da muke kira Inna. Ɗiyarmu na aure a Sabon Gida, ɗanmu ya tafi cirani. Ƙauyenmu yana kudu da Bangi, kusa da iyaka. Ba zan faɗi sunansa ba, don akwai waɗanda suka koma.

Shekarar Inna uku a kwance. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace, magana sai da ƙyar. Tabarma ta ci mata baya har gyambo ya buɗe a ƙugu. Majo, wato babban malamin asibitin Bangi, ya ce a nemo mata makwanci mai laushi. Ƙanen maigida da ke Aljeriya ya aiko da katifar iska, shuɗiya, ta mutum guda, naɗe cikin jaka. Ranar da ta iso, mata sun cika mana gida kallo. Cikin wata biyu gyambon ya rufe.

Maigida manomi ne, amma faci ne sana'ar hannunsa. Tayar keke, tayar moto, tayar amalanke, duk gidanmu ake kawowa. Sau biyu katifar na hujewa yana liƙe ta. Facin na biyu bai kama sosai ba, kullum sai ta sace kaɗan. Don haka kowace safiya, bayan ya dawo masallaci, zai ɗauke Inna ya jingine ta a jikina, ya sa pompon keke ya buga sittin. Sittin cif, ba ragi ba ƙari. Sai ya danna katifar da tafin hannu, ya shafa yawu a bakin toshi ya ga ko zai yi kumfa. Nakan ce masa shekara ashirin da bakwai ina gidansa ban samu lallashin da robar nan ke samu ba. Murmushi kawai yake yi. Shi ba mai magana ba ne. Ni ce mai bakin gidan, kowa ya sani.

Safiyar nan ma haka ya yi. Na ji pompo yana fit, fit, fit, na ƙirga tare da shi. Ya mai da Inna, ya ajiye pompon a bakin ƙofa, ya kunna rediyo. An ce ƙarfe bakwai. Na dama kunu, na zauna ina ba Inna da ludayi. Shi yana tsakar gida yana wasa hauya.

Bakwai da rabi ba ta cika ba muka ji motoci masu ƙafa biyu daga kudu. Moto ba baƙo ba ne gare mu. Amma waɗannan da yawa ne, kuma tafe suke tare, ba mai busa oda. Karnuka suka ɗauki haushi. Maigida ya daina wasa hauya. Ya kashe rediyo.

Harbin farko guda ne, tau. Shiru ya biyo. Daga nan ya ɓarke ba tsayawa, wajen masallaci da wajen turken shanu. Na ji wata mata tana kiran sunan ɗanta, tana sake kira. Na ji wani namiji da muryar da ban sani ba yana cewa, "Ku fito! Kowa ya kwanta!" Jakuna suka yi ta kuka. Ƙaurin bunu ya shigo.

Maigida ya faɗo ɗaki. Ya sunkuci Inna ya aje ƙasa, ya fizge toshin katifa, ya durƙusa a kanta da gwiwoyi biyu. Iskar da ya buga ɗazu ta fito tana huci. Na ɗauka ya zauce. Ana kashe mutane, shi yana naɗe katifa. Ashe ya riga ni tunani. Hanyar arewa kaɗai ta rage mana, gulbin da ke tsakani kuwa ya kawo ruwa.

Ya duƙa, na ɗora masa Inna a baya, na ɗaure ta da zanena kamar goyo. Ya ce, "Habsu, katifa da pompo!" Ya haura ta inda dangar baya ta faɗi.

Na ɗora katifa a kai. Na bi shi. Pompon yana nan kwance a bakin ƙofa, a inda ya ajiye shi. Da ƙafata na tsallake shi.

Muka shiga gero. Ganye yana yankar fuska, laka tana cire takalmi. Na bar nawa a gonar farko. Ba na ganin komai sai ƙafafun Inna suna lilo a gefen cinyoyinsa. Mutane suna wuce mu ta dama da hagu, ba ka ganin su, sai dai ka ji kara na karyewa. Masu ƙarfi suka yi gaba. Can baya harbi yana raguwa, kukan shanu yana ƙaruwa. Sau uku ya tsaya ya gyara goyon. Inna ba ta yi ko tari ba.

Da muka iso mashigi ya duba salula. Tara saura kwata. Gulbin nan da rani yashi ne, a cikinsa muke tonon ruwa. Ranar ya cika baki da baki, ja wur, yana tafe da itace da kara. Ba kowa. Waɗanda suka iya ruwa sun haye, sauran sun bi gefe sun ɓace cikin gonaki. Mu kaɗai, da ƙarar ruwa.

Ya sauke Inna gindin wata bagaruwa. Ya shimfiɗa katifa. Ya miƙo hannu bai ko dube ni ba.

"Pompo."

Na dubi hannuna. Ludayi ne a ciki, da sauran kunu ya bushe a bakinsa. Tun daga gida na riƙo shi gam.

Ya dubi ludayin. Ya dube ni. Wallahi da ya zage ni da na ji sauƙi. Ya kwanta rub da ciki, ya kama bakin katifar da leɓɓansa, ya fara busawa.

Da pompo, daga ba komai har ta cika, bai fi lokacin dama kunu ba. Na sha gani. Da baki kuwa wani abu ne daban. Ya ja numfashi, ya busa, ya toshe da babban yatsa. Ya ja, ya busa, ya toshe. Robar ba ta ko motsa ba sai da ya yi kamar talatin. Jijiyoyin wuyansa suka tashi. Mutumin da ya yi goyon uwarsa fiye da awa guda cikin laka. Na ce ya ba ni. Na busa huɗu, na biyar iskar ta dawo mini, na sake ta ta zube. Ya karɓa. Ya nuna mini hanya da hannu, wato in sa ido.

Tara da kwata ta yi, katifa rabi. Ya kifa goshi a ƙasa, ya ce duniya na juya masa. Ya huta kaɗan. Ya ci gaba. Ina tsaye ina jin numfashinsa yana shiga robar, fuu, fuu, ina ƙirgawa don ba ni da abin yi. Na ɓata lissafi wajen ɗari da sittin. Hayaƙi uku ya tashi daga wajen gari, daga baya ya haɗe ya zama ɗaya.

Tara da rabi ta gota ya toshe. Ya danna da tafin hannu. Har a nan sai da ya shafa yawu a bakin toshin.

Katifar mutum guda take ɗauka. Ni gajera ce, ban iya ruwa ba. Babu wanda ya tambayi wa za a fara kaiwa. Muka kwantar da Inna, ya ɗaure ta da zane, ya shiga yana tura ta a gabansa. Ruwa ya kai masa ƙugu, ya kai ƙirji, ya kai haɓa. Ya san mashigin, ya san inda dutse yake. Ruwa ya janye su ƙasa kaɗan, amma suka fita. Na ga ya ɗauke ta ya shige da ita cikin gero. Na ga ya dawo da katifa.

Yana tsakiyar dawowa na ji moto. Nesa, amma cikin hanyar shanu da ke gangarowa mashigi. Ba guda ba.

Ya iso yana haki. Ya ce, "Kwanta! Riƙe!" Na kwanta rub da ciki na rungumi robar. Sanyin ruwa ya ratsa ni. Fuskarsa tana dab da ƙafafuna, ina jin yana tofar da ruwa. Mun wuce rabi aka yi mana tsawa daga baya.

"Kai! Tsaya nan! Dawo!"

Bai tsaya ba. Harbi biyu. Na farko ya faɗa ruwa gefena, tsul. Na biyu ban ji inda ya faɗa ba. Sai na ji an tunkuɗa katifar da ƙarfi, tunkuɗa guda, har kaina ya daki ciyawar gaɓa. Na cafki ciyawa. Na waiwaya. Ruwa ne kawai, ja, yana tafiya da kara.

Ban yi kuka ba. Na ja katifa na rarrafa cikin gero. Na tarar da Inna inda ya jingine ta. Na mirgina ta a kai, na kwanta gefenta a laka. Can ƙetare suna magana, suna dariya, ɗaya yana tari. Suka tada motocinsu. Inna tana kallon bayana, wajen da ya kamata ya ɓullo. Har azahar tana kallon wurin.

Bayan la'asar wasu mutanen Bangi suka zo da amalanke suna neman waɗanda suka saura. Suka ɗauki Inna da katifarta gaba ɗaya. Washegari kamiyo, babbar motar kaya, ya kai mu Madawa. Aka sauke mu a wata lakwal, wato makarantar boko, aji guda mu fi talatin.

Wani jandarma ya zo da takarda yana rubuta waɗanda ba a gani ba. Ya ce sunan mijinki. Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa kama sunan nan da bakina ba. Na dubi Inna. Tana ta ƙoƙari, leɓe yana rawa, ba ya fita. Sai na faɗa. Ya ce in ƙara ɗaga murya, bai ji ba.

Katifa tana sacewa kamar kullum. Safiya ta farko na danna, hannuna ya nutse. Ta biyu ya ƙara nutsewa. Mai gadin lakwal yana da keke, ya ga halin da ake ciki, ya kawo pomponsa. Na ce sai gobe. Safiya ta uku ƙugun Inna ya taɓa siminti. Na san abin da siminti zai yi wa tsohon gyambon nan. Na kira mai gadi. Na durƙusa zan cire toshi, sai Inna ta kawo hannunta mai lafiya ta rufe wurin. Ta dube ni. Ta girgiza kai.

Ashe ita ma ta san numfashin ɗanta ne a ciki. Mai gadi ya tsaya da pompo a hannu, bai gane komai ba. Na ba shi haƙuri. Mata suka tara zannuwa da buhuna muka yi mata shimfiɗa, na jingine katifar a bango.

Ranar ne da yamma aka kawo labari. An same shi can ƙasa da nisa, ya maƙale a saiwar itace. Mutanen wani gari suka yi masa sutura. Ba su san shi ba. Gwangwanin gam na faci da ke aljihunsa ne ya sa daga baya aka gane shi, aka aiko mini.

Rana ta takwas ƙanwar maigida ta zo daga Tabotaki ta ɗauki uwarta. Haƙƙinta ne, kuma tana da katifar soso. Shekara uku ina juya tsohuwar nan, ina wanke ta, ina ba ta kunu. Aka sa ta a mota tana riƙe da gefen mayafina, sai da aka ɓamɓare yatsunta.

Na yi takaba a Sabon Gida, a ɗakin da surukina ya ba ni a bayan gida. Na kawo katifar a kan mota ba tare da na naɗe ta ba, yaran mota suna ta mita. Na jingine ta a bango. Ban taɓa kwanciya a kanta ba, don nauyi yana kore iskar. Masu zuwa gaisuwa suna cewa kwana ne ya ƙare. Na sani. Amma ni na tsallake pompon nan, kuma na san tsawon lokacin da ya ci. Ban gaya wa ɗiyata ba. Inna kaɗai ta gani, ita kuwa ba ta iya faɗa.

Kowace safiya bayan salla nakan danna ta da tafin hannu. Sai in kara kumatuna a kan facin na biyu. Akwai wata ƴar iska siririya da ke fita nan, sai ka natsu kake jin ta. Busa huɗu a ciki nawa ne. Sauran duk nasa.

Ban buɗe toshin ba ko sau ɗaya. Da kanta ta yi ta fita. Katifar ta fara lanƙwasa, ta zame daga bango, ta kwanta. Safiya ta ashirin da uku na kara kumatuna ban ji komai ba. Na jira har hantsi. Sai na naɗe ta yadda yake naɗewa, gida uku, na sa gwangwanin da ludayin a ciki, na tura ƙarƙashin gado.