Baba Sakata Ya Sauke Hannu

Ƙarfe bakwai na safe yake isowa, awa uku kafin a buɗe ƙofar wurin shaƙatawar da muke aiki. Sai ya jingine kekensa a gindin tankin ruwa, ya sa rigar aiki wadda wuyanta ya koɗe, ya hau matakala talatin da shida zuwa dandamalin da ake hawa jirgi. Jirgin wasa nake nufi, irin wanda ke bin dogo ya hau can sama, ya gangaro da mutane, ya juya su kai ƙasa ƙafa sama, su sauko suna haki suna cewa a ƙara. Kujera ashirin da huɗu gare shi, kowace da ƙarfenta mai saukowa kan cinya ya kulle. Mu ma'aikatan wurin sakata muke ce wa wannan ƙarfe, kamar ta ƙofa. A nan sunansa na yanka ya ɓata, ya zama Baba Sakata.

Tun babu kowa yake bin kujerun ɗaya bayan ɗaya. Ya sauke sakata, ya kasa kunne ya ji ƙas, ƙas, ƙas, sau uku, sannan ya sa hannun hagu ya ja ta sama. In an buɗe ƙofa kuma, haka zai yi wa kowane mahayi a kowane zagaye har a tashi. Shekara talatin da ɗaya yana wannan.

Ni ce mai danna maɓallin tashi. Shekara goma sha tara ina zaune a ɗan ɗakin gilashi a ƙarshen dandamali, ban taɓa dannawa ba sai na ga ya ɗaga hannu. Makon jiya ya ajiye aiki, alhali saura shekara uku lokacinsa ya cika, kuma ba wanda ya kore shi. Hannun nan na hagu ne ya fara mutuwa, na kuwa riga kowa gani, na yi shiru. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, zan faɗa. Amma bari na fara ba ku labarin hannun lokacin yana hannu.

Makanikai suna da wata magana: in ƙarfe yana motsi inda bai kamata ya motsa ba, sai su ce yana wasa. Baba ya ɗauki wannan ya mai da ita karatunsa. "Nan gidan wasa ne," in ji shi, "kowa ya yi wasa, ban da sakata." Motsin da ni ko an rantse mini ba zan ji ba, shi yatsunsa suna ji. Yakan ce dama ƙarfi kawai gare ta, hagu ce mai kunne.

Kuma ba ya kunyar kowa. Na tuna wani bawan Allah mai tumbi da ya zo da iyalinsa, ya zauna kujerar gaba yana ɗaga wa mutane hannu. Sakata ta yi ƙas, ƙas, ta tsaya.

"Yallaɓai, a ɗan ja numfashi ciki," in ji Baba.

Mutumin ya ja numfashi har idonsa ya yi ja. Sakata ta ƙi.

"Kai malam, bar shi haka! Sau nawa na hau jirgin sama?"

"Jirgin sama ba ya kifa ka, yallaɓai. Tumbin nan arziki ne, Allah ya ƙara, amma in ban ji ƙas na uku ba, ba zan ɗaga hannu ba."

Matar mutumin ta yi dariya har da hawaye. Haka ya sauko yana ƙunƙuni, ya koma ɗaukar 'ya'yansa hoto.

Ƙananan 'yan mata kuwa da ke ɗage a jikin sandar awon tsawo, sai ya ce, "Sauke dunduniya, 'yata. Baɗi da rai da lafiya." Su tafi suna kuka suna harararsa. Da idona na ga wata ta dawo bayan shekaru da goyo a baya, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce har yau tana jin haushinsa. Suka yi ta dariya.

A lokacin dandamalin na katako ne, rana tana dukanmu, fenti yana ɓarewa, amma daɗin wurin ba ya misaltuwa. Daga baya aka kawo fitilu, kowace kujera da tata, in sakata ta kulle sai ta nuna kore a gabana. Manajanmu ya ce yanzu an huta da ja da hannu, layi zai yi sauri. Baba ya ce to, ya ci gaba da jan abinsa.

Wata ranar hutu layi ya kai har bakin ƙofa. Fitilu ashirin da huɗu duk kore, amma hannun Baba bai tashi ba. Yana tsaye a kujera ta huɗu, inda wata mata ke zaune.

"Hajiya, yi haƙuri ki sauko. Wannan tana wasa."

Manaja ya hauro yana gumi. "Baba, fitila ta ce ta kulle! Dubi jama'a. Ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa."

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Amma ba ta hannuna zai biyo ba."

Aka sauke kowa, mutane suna ta zaginmu. Da injiniya ya buɗe cikin kujerar, sai ga haƙorin makullin ya cinye, saura ƙiris. Matar ta tafi gida tana mita an ɓata mata rana, ba ta ma san sunansa ba. Manaja kuwa bai sake maganar sauri ba.

Kai ne wannan, Baba. Gagara gaggawa, bango a bayan mai ihu. Dubban mutane sun hau sun sauka sun tafi gida sun ci abinci sun yi barci, ba wanda ya san cewa kai ne dalilin da ya sa ba su da labarin bayarwa.

To, ga nawa laifin. Wata safiya muna shan shayi, kofi ya suɓuce daga hagunsa, ruwan zafi ya zuba masa a yatsu, bai ko yarfe hannu ba. Daga ranar na sa masa ido ta cikin gilashi. Sai na ga ya ja sakata, ya tsaya, ya dubi tafinsa, ya sake ja da dama. Na gane. Amma na san tun rasuwar matarsa dandamalin nan ne gidansa, 'ya'yansa duk sun yi nisa. In na yi magana, ni ce na raba shi da shi. Sai na riƙa lallashin kaina cewa ai fitila kore ce, ai injiniya yana dubawa. Ya ɗaga hannu, na danna. Kwana goma sha ɗaya ina haka.

Rana ta goma sha biyu, kafin a buɗe ƙofa, ya tara mu, ni da manaja da injiniya. Ya ce wa injiniya ya sassauta sakata ɗaya cikin ashirin da huɗu, kada ya faɗa masa wacce. Ya juya baya har aka gama. Sannan ya bi su a hankali, ya zo ƙarshe, ya ce bai ji komai ba.

"Ta goma sha bakwai ce, Baba," in ji injiniya, kansa a ƙasa.

"Gyara ta, ka canza wata."

Aka canza. Ya sake wuce ta. Ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya ce, "Shi ke nan."

Manaja, wanda shekaru suka sa ya san darajarsa, ya ce, "Baba, zauna ka cika shekarunka. Fitila tana aiki, kai dai ka riƙa ɗaga hannu."

"A'a, ranka ya daɗe. In na ɗaga, ƙanwata da ke ɗakin gilashi za ta danna ne saboda ta yarda da ni. Ba zan ɗaga mata ƙarya ba. A nemo mai hannu, in zauna gefensa in koya masa."

Nan kuka ya ƙwace mini. Na ce, "Baba, ka yafe mini. Na gani tun ranar kofi."

Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa. "Na san kin gani, ƙanwata. Ni ma na ji tsoron faɗa. Kullum in na ɗaga, sai in ce yau za ta ƙi dannawa, ta hutar da ni."

Baba, na gode. Na gode a madadin matar kujera ta huɗu, da mai tumbi, da duk yarinyar da ta harare ka. Allah ya ba hannun nan lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya kamar yadda ka sauke mutane lafiya.

Ku kuma masu karatu, duk wanda ran wani ke ratsawa ta hannunsa, direba ne ko mai haɗa wayar lantarki ko mai ba da magani, ya yi koyi da wannan dattijo, ya gwada kansa kafin tsautsayi ya gwada shi. In kuwa kun ga hannun wanda kuke ƙauna ya fara kasawa, ku buɗe baki ku faɗa masa. Kada ku bar shi yana jira kamar yadda na bar Baba.