Anti Mai Hawan Dutse

Shekarar da 'yata ta cika sha biyu, wata mata ta kusa ƙwace min ita da hotunan ƙanƙara.

Maƙwabciyarmu ce a unguwar Al Muntazah a Doha, muna hawa na uku tana na huɗu. 'Yar Zangon Kumasi ce, tana aiki a wani ofishin sayar da tikitin jirgi a unguwar Mushairib, ga fara'a ga sakin hannu. Ni kuwa nas ce, 'yar Filato. Awa sha biyu nake yi a tsaye a kan majinyata, in dawo gida da ƙafa a kumbure. Maigidana yana aikin injina can arewacin ƙasar, sai bayan mako biyu muke ganinsa. To ranar da nake aiki wa zai duba yarinya in ta taso daga makaranta? Matar nan ce ta ce in bar mata. Ita ta koya wa 'yata cin shinkafa da wake da baƙin yajin nan nasu, ita ke yi mata kitso. Yarinya tana ce mata Anti, ni ina ce mata Hajiya, ita tana ce min Sista. Ba ta taɓa yi min komai ba sai alheri, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi daga baya, don ban da inda zan kama ta.

Wani Janairu ta ɗauki hutu ta tafi Jojiya, wata ƙasa mai duwatsu da mutanen Doha ke yawan zuwa shan iska saboda ba ta da nisa. Ta dawo da zuma da safar ulu da waya cike da hotuna. Ta zauna a falona, 'yata ta manne a jikinta, aka shiga nunawa. Ga Hajiya cikin jar riga mai kumburi kamar katifa. Ga ta a kan wata kujera da ke tafiya a jikin igiyar ƙarfe, ƙafafu na reto a sama. Ga ta ta ɗaura dogayen alluna a ƙafa za ta yi zamiya, ga ta kuma a ƙasa warwas tana dariya. Sau nawa ta faɗi ban sani ba, amma a idon 'yata kowace faɗuwa jarumta ce.

Sai ta shiga labarin ƙauyen da ta sauka. Wata tsohuwa ce ta raba gidanta biyu tana saukar baƙi, tana gasa musu burodi mai cuku a ciki. Babban ɗanta yana da mota yana ɗauko mutane daga filin jirgi, ƙaramin yana ba da hayar takalman zamiya da sanduna, surukarta tana saƙa safa tana sayarwa a bakin ƙofa. In ƙanƙara ta narke sai 'ya'yan su koma yi wa baƙi jagora, suna kai su hawan dutse da ƙafa.

“Sista, duk garin nan dutse ke ci da su,” in ji ta. “Ba wanda ya bar gida ya tafi ƙasar wani neman aiki kamar ni da ke.”

Na ce madalla, na tashi na shiga kicin duba miyar da ba ta bukatar dubawa. Kishi nake ji, in faɗi gaskiya, kuma iri biyu. Ina kishin matar nan da 'yata ke kallo baki buɗe. Ina kuma kishin wata tsohuwa da ban taɓa gani ba, wadda dutsenta ya riƙe mata 'ya'yanta a gida.

Abin da 'yata ba ta sani ba shi ne a kan dutse aka haife ni. Ba gefensa ba, can ƙololuwa, a wani gida da ke maƙale tsakanin manyan duwatsu biyu. Tun ina shekara shida nake sauka ɗebo ruwa sau biyu a rana, in hau da tulu a ka. Makarantarmu tana ƙasa, kasuwa tana ƙasa, komai na duniya yana ƙasa. Da na shiga makarantar kwana, 'yan matan gari suka ga ƙwaurina da yadda nake tafiya kamar ana kora ta, sai wata ta dube ni a layin abinci ta ce, “Ke kuma yaushe kika sauko?” Aka kwashe da dariya. A wajenmu babu zagin da ya kai wannan, don ma'anarsa ba ka waye ba, jiya-jiya ka fara sa kaya. Shekara biyar ana min wannan tambayar. Da na gama makaranta, duk wanda ya tambaye ni garinmu sai in ce Jos, in ja bakina in yi shiru.

Haka na rene 'yata. In mun je hutu muna sauka a gidan yayana a cikin gari, a kawo mana mahaifiyata nan. Babanta ya san gaskiya, amma shi mutum ne da ba ya shiga abin da ba a sa shi ba.

Abin dariyar kuma, dutsen namu ma ya fara tashe. Duk Asabar 'yan boko daga Abuja da Jos suna cika motoci su zo hawansa, da takalma masu tsada da gorar ruwa a baya. Ƙanena da ya rasa aikin yi shekara da shekaru, shi ke yi musu jagora yanzu. Mahaifiyata ta daɗe da komawa gindin dutsen da zama, tana dama musu kunun acca tana dafa gyaɗa. Ƙanena yakan turo min hotunan baƙinsa sun tsaya a kangon gidanmu suna ɗaga yatsu biyu. Ina gani nake gogewa, don yarinya tana yawan ɗaukar wayata.

Daga wannan Janairun 'yata ta zama wata iri. Ta daina shiga lif. Ta cika jaka da littattafai ta goya, ita da Anti su yi ta hawa da sauka a matakalar benenmu har hawa na bakwai, wai suna horar da ƙafa. In mun sauka a tashar jirgin ƙasa ta Mushairib, kowa ya bi matakala mai tafiya da kanta, ita sai ta bi ta ƙafa tana ce min, “Yalla, mu je, Momi.” Anti ta ce kaza, Anti ta ce a riƙa shaƙar iska ta hanci, Anti ta ce ba a shan ruwa da yawa lokaci ɗaya. A garin da in ka cire benaye babu abin da ya fi tulin yashi tsawo, an samu gwanar dutse a saman kaina, wadda duk hawan da ta yi a rayuwarta kujera ce ta kai ta.

Da zafi ya fara shigowa sai Hajiya ta zo da maganar da nake tsoro. Za ta koma ƙauyen nan a watan Yuli, wannan karon hawan ƙafa za a yi na kwana huɗu, kuma tana so ta tafi da yarinya. Ta samu rangwamen tikiti a ofishinsu. Abin da ya rage kawai takardar amincewar iyaye. Maigidana ya sa hannu a nasa gurbin ya ce sauran yana wajena. 'Yata ta manna takardar a jikin firij, daidai inda dole in gan ta duk safiya.

Mako uku takardar nan tana kallona. Na ce sanyi zai kama ta. Na ce ba a san irin abincinsu ba. Na ce sai na tambayi shugabar ɗakinmu a asibiti, kamar ita ta haifa min yarinyar. Ba ko ɗaya da ke gaskiya. Abin da ke cina shi ne dutsen farko da 'yata za ta taka a rayuwarta, wata ce za ta riƙe mata hannu, kuma duk abin da za ta sani game da dutse daga bakin wata za ta ji shi.

Ranar wata Juma'a mun dawo daga coci a unguwar Mesaimeer, don a nan ita ce ranar hutu, Hajiya ta sauko mana da abinci, ta kuma zo da sanduna biyu na ƙarfe da ta saya wa yarinya. Bayan mun ci, suka ture tebur gefe, tana koya mata yadda ake gangarowa. Wai a miƙe ƙafa sosai, a kafa sanda a gaba, a riƙa kallon yatsun ƙafa. Ina wanke-wanke ina jin su. Na daure, na daure, sai bakina ya suɓuce.

“Ba haka ake saukowa ba. A karkace ake yi, a saki gwiwa. Kuma ba a kallon ƙafa, taku uku gaba ake kallo.”

'Yata ta juyo tana dariya. “Momi, ke ina kika sani? Ke da in lif ya lalace sai kin yi ta mita har mu kai gida.”

Ban san lokacin da na ajiye soso ba. Na fito da kumfa a hannu na zazzage musu komai. Na ce a kan dutse aka yanke min cibiya. Na ce na hau dutse da tulu, na hau da buhun acca, na hau da ƙanena a baya ba takalmi, ana ruwa, dutse na santsi. Na ce ƙanƙarar da suke biyan kuɗi su je gani, mu in ta sauko da damina kuka uwata take yi, don tumatir ɗin shekara ya tafi ke nan. Na ce babana a kan ƙyauren ɗaki maza huɗu suka sauko da shi ranar da ciwo ya kayar da shi, kuma bai kai bakin hanya da rai ba. Na ce gwiwar da nake mita da ita a matakala, dutse ne ya cinye ta tun kafin in san akwai wata ƙasa wai ita Jojiya.

Hajiya ta sunkuyar da kai. 'Yata ta dube ni, ta dubi Anti, sai ta yi wani ɗan murmushi irin na wanda ke jin kunya a madadin wani.

“Momi, ke 'yar Jos ce fa. Kishin Anti kawai kike yi.”

Rabin maganarta gaskiya ce, shi ya sa ta yi min zafi. Na ɗauko waya, na kira ƙanena ta bidiyo, na ce ya kai wa Mama. Ya same ta a tsakar gida tana tsince gyaɗa. Bayan kafaɗarta, saman katanga, ga dutsenmu nan a tsaye, har ina hango tsagin da muke bi. Na miƙa wa 'yata wayar na ce ta tambaya da bakinta.

Suka gaisa, Mama ta tsokane ta wai ta yi tsawo kamar rake. Sannan yarinya ta ce, “Kaka, wai da gaske a kan dutse aka haifi Momi?”

Na ga fuskar mahaifiyata ta canza. Ta ajiye faifan, ta gyara ɗaurin kallabinta, ta yi wa ƙanena magana da yarenmu cewa ya juya wayar wajen bango. Ya juya. 'Yata ba ta jin yaren, kuma ni take kallo a lokacin.

“Wa ya gaya miki wannan magana?” in ji Mama. “Uwarki 'yar birni ce. A asibitin Jos na haife ta, a kan gado. Ba ta san wani dutse ba.”

Sai a lokacin na tuna. Shekarar da na fara kai yarinyar gida tana goye, na ja mahaifiyata ɗaki na ce mata kada ta kuskura ta yi maganar kan dutse a gaban jikarta, in an tambaya ta ce Jos. Kai kawai ta gyaɗa ranar. Ni na manta na yi maganar, ita ta riƙe ta shekara goma sha ɗaya.

'Yata ta miƙo min wayar. Ba ta ma yi dariya ba, ina ma ta yi. Ta ɗauki sandunanta ta shige ɗaki. Na yi tunanin kiran babanta ya ba da shaida, sai na ga wace irin uwa ce ke tara shaidu don 'yarta ta yarda da inda aka haife ta.

Hajiya ta tattara kwanukanta a hankali. Ita ta yarda da ni, na gani a idonta. A bakin ƙofa ta ce, “Sista, in ranki bai so, a bar tafiyar nan. Khalas, shi ke nan, ba komai.” Ko a nan ma ta fi ni hali, kuma na ji haushin hakan. Na ce ta tsaya. Na ciro takardar daga jikin firij, na sa hannu a tsaye, na ba ta. Na ce ta tabbata yarinyar ta saki gwiwa in za su gangaro.

Wajen la'asar wayata ta yi ƙara sau ɗaya ta tsinke. Haka Mama ke yi in tana so in kira ta. Na fita baranda cikin zafin nan na kira. Ta yi ƙasa da murya, kamar jikar tata za ta ji ta daga Doha.

“Yarinyar ba ta kusa da ke? To. Ta zo min da tambayar ba shiri, gabana ya faɗi. Na faɗa yadda kika ce in riƙa faɗa ko? Ban ba ki kunya ba?”

Na jingina da bangon baranda.

Na ce, “Kin faɗa daidai, Mama.”