Randar da Illo ya hana a zuba wa ruwa

Kafin masu kabu-kabu su cika titunan Maraɗi, Malam Illo ya riga ya buɗe ƙofar zauren baje kolin zane da aikin hannu da ke unguwar Zariya. Yakan fara da shara, ya ɗauki tsumma ya bi hotunan bango ɗaya bayan ɗaya. Idan ya ga wani ya karkace, sai ya ja da baya, ya rufe ido ɗaya, ya matsa ya gyara. Shekara ashirin da shida ke nan yana wannan aiki, ƙarshen watan nan kuma zai ajiye.

Sunansa bai taɓa hawa takardar gayyata ba. Ranar buɗe baje koli, manya na jawabi, shi yana can baya da guduma a aljihun riga. Ga shi da taurin kai, wannan kam ko matarsa Fasuma ta shaida. Dokarsa ɗaya ce: ba ya kafa ƙusa sai ya san sunan mai aikin da garinsu. Ya'u, baduku daga Tibiri, ya ce ranar da ya fara kawo jakunkunansa, Illo ya tsare shi da tambayoyi har ya zaci laifi ya yi. Washegari ya tarar da sunansa a kati kusa da kayansa, ya tsaya ya daɗe yana kallo.

Amma labarin da aka fi ba mu shi ne na Atika, mai ginin tukwane daga Jiratawa. Bara waccan ta kawo wata babbar randa da ta yi wata biyu a kanta. Ta zana mata kunyoyin lambu da hanyoyin ruwa da farar ƙasa, bayan ta fito daga wuta. Tun tasowarta tukwanenta kasuwa suke zuwa, babu mai tambayar wa ya gina. Wannan karon ta faɗa wa 'yan unguwarsu za a nuna aikinta a birni, wasu suka yi mata dariya.

Da safen ranar buɗewa, shugaban zauren, Mushe Abdulrazak, kamar yadda ake kiransa da Faransanci, ya shigo a gaggauce. Mutumin kirki ne, amma idonsa na kan manyan zane-zanen fenti. Da ya ga randar, sai ya yi abin da kowane ɗan Maraɗi zai yi idan ya ga randa ranar taro.

"Madalla! Illo, a kai ta bakin ƙofa a cika da ruwa, baƙi su sha."

Atika na tsaye, ta ɗaura sabon zane, sai ta sunkuyar da kai. Illo ya dube ta, abin ya sosa masa rai. Ya san ruwa na tsattsafowa farar ƙasar za ta wanke, aikin wata biyu ya bi ƙasa.

"Ranka shi daɗe, wagga ba ta ruwa ba ce," in ji shi. "Baƙuwa ce, kamar hotunan da munka rataya."

"To mutane mi za su sha? Saura awa guda!"

"Ka ba ni rabin awa."

Ya tare ɗan kabu-kabu, ya je gida, ya juye ruwan randar Fasuma a bokitai tana salati, ya rungumo randar a bayan babur. Ita aka ajiye a bakin ƙofa. Ta Atika kuwa ya ɗora ta a kan tebur a tsakiyar zaure, ya juya fitila kanta, ya sa aka rubuta: Atika, Jiratawa. A nan mutane suka fi taruwa ranar. Mushe Abdulrazak da kansa ya zagaya ta sau biyu, ya je ya ba Atika haƙuri a gaban jama'a.

Malam Illo, kai ne ka koya mana mu tambayi sunan mai hannu kafin mu yaba aikin. Kai ne ba ka taɓa bambanta mai fenti da mai yumɓu ba. Illo na Fasuma, mai guduma da tsumma, raina fari ƙal yake da na samu na faɗi wannan kana ji da kunnenka. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sa hutun nan ya zo da lafiya. Wanda zai gaje ka kuma, da duk mai tsaron ƙofar wani wuri, ya riƙe dokar nan taka.

Ranar Asabar da ta wuce Atika ta yi sallama a gidansa, ɗauke da sabuwar randa wadda ba a yi mata zane ko ɗigo ba. Illo ya fara waige-waigen inda zai ɗora ta, yana cewa bari ya nemo kati. Ta yi dariya ta ce:

"A'a, Malam. Wagga kam taka ce, ka zuba ruwa ka sha."