Gidan Kwatas

Shekarar da aka ce za a sayar wa mazauna kwatas gidajen da suke haya a hannun ƙaramar hukuma, ni kaɗai na rage a namu. Maigidana ya rasu, 'ya'yana mata suna ɗakunansu, namijin kuma yana Legas wajen neman abinci. Na daɗe da ajiye aikin unguwarzoma a asibitin Kankiya.

Da na kai sunana wurin kwamitin sayarwa, sai aka ce wani ya riga ni. Ba baƙo ba ne. Aminin maigidana ne, mutumin Kusada. Shi aka fara ba gidan tun suna sabbin ma'aikata. Da aka mayar da shi garinsu, sai ya miƙa wa maigidana makulli, ba wanda ya damu da canja suna a takardar haya. Mu muka ci gaba da biyan haya, mu muka sake rufi, a nan na yaye duk 'ya'yana. Matarsa kuwa ƙawata ce ta ƙut da ƙut. Babu haihuwarta da ba ni na karɓa ba.

Na aika masa cewa ina so mu zauna. Ya turo ƙanensa da saƙon kada in damu, in ya saya ba zai tashe ni ba har ƙarshen raina. A wurinsa alheri ne. Ni kuwa na kasa haɗiye zaman alfarma a gidan da aka fitar da gawar mijina.

Ban san inda ake samun lauya ba. Duk rayuwata ban taɓa taka kotu ba. Limaminmu ya ba ni haƙuri. Ɗana ya ce a waya in bari ya zo da Sallah, alhali kafin nan an rufe magana. Na daure na je kotun garin, na zauna a benci cikin masu rigimar gona. Magatakardan ya ce shi ba ya ba da shawara, amma akwai ofis a Katsina da lauyoyi ke taimakon marasa hali kyauta. Ya kwatanta mini wurin.

Na tsaya bakin titi na tari mota. Ban gaya wa kowa ba, don na lura matan layinmu sun fara yin shiru in na shigo taro. Zuwan farko na tarar an tashi daga aiki. Na biyu aka ce lauyoyin duk suna kotu, na wuni a baranda da ƙullin ƙosai a jaka, na kasa ci. Sai daga baya na samu ganin wata lauya, yarinya ce sa'ar autata. Ta bar ni na yi ta zuba, har da abin da bai shafi gida ba. Rabon da wani ya saurare ni haka tun rasuwar maigidan.

"Mama, ba da kotu za mu fara ba," in ji ta. "Ƙa'idar sayarwar ta ce mazaunin gida ne ke da fifiko. Wa zai tsaya ya shaida ke ce a ciki?"

Na ce ai duk layin sun sani. Ta ce sani daban, faɗa daban.

Haka kuwa aka yi. Maƙwabcin dama ya ce yana da tafiya. Na hagu ya ce mutumin surukin yayansa ne. Ban riƙe su ba. Kowa na da wanda yake jin kunya. Mai unguwa ne kawai ya ce zai faɗi abin da idonsa ya gani, ba ƙari.

Ranar zaman kwamitin, lauyar ta zo Kankiya da kanta. Aminin maigidana na zaune daura da ni, ya tsufa ƙwarai, har da sanda. Da aka ba shi dama ya ce ɗansa yake nema wa, mai iyali ne kuma ba shi da matsuguni. Yaron nan da hannuna na yanke masa cibiya. Na sunkuyar da kai har aka gama. Bayan makonni aka ce an ba ni gidan.

Na buga wa lauyar waya na yi godiya. Na ce ta biyo ta ci tuwona in hanya ta kawo ta. Ta ce in sha Allahu, amma na ji hayaniyar masu jiran ta, na san ba za ta samu zuwa ba.

Bayan damina aka yi wa ƙawata jika. Ba a aiko mini ba, duk da haka na sayi turmin atamfa na tafi Kusada. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta sa aka kawo fura, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Sai ta ce, "Hajiya, an gode da tattaki." Tun muna amare ba ta taɓa kira na Hajiya ba. Na jira a miƙo mini jaririn in duba cibiyarsa, ba a miƙo ba. Da aka kira la'asar na yi sallama, ta rako ni iyakar zaure.