Ranar da Kwanona Ya Sauko Wayam

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin na yarda in rubuta ta. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ni mutum ne mai tsoron kada in faɗi abu ba daidai ba in ɗauki alhakin wani. Sau da yawa nakan fara rubutawa a waya in goge. Amma abin da ya faru da ni a gindin wani dutse a bayan Dubai ba zai taɓa fita daga raina ba, ga shi kuma akwai abin da nake nema wurin masu karatu. Shi ya sa na daure.

Lokacin da na zo Dubai daga Kano, dako na fara yi a Al Sabkha. Daga baya wani kamfanin gini ya ɗauke mu zuwa duwatsun wajen Hatta, inda ake kafa ƙarfen sabis na waya a kan wani tsauni. Babbar mota ba ta iya hawa wurin, don haka aka ɗaura igiyar ƙarfe mai kauri daga ƙasa har can ƙololuwa, aka rataya mata wani babban guga. Inji ne ke jansa. Siminti, rodi, yashi, jarkokin ruwa, duk ta nan suke bi, su tsallake wani kwazazzabo mai zurfi suna lilo a sama. Doka ɗaya ce ba a wasa da ita: mutum ba ya shiga gugan nan ko da me ya faru. Ni aikina lodi ne a ƙasa. Ranar da na fara ganin buhunan siminti suna tafiya a iska kamar shanya, tsayawa na yi ina kallo har suka isa. Har muka tashi daga wurin ban daina duba ɗaurin kaya ba bayan na riga na duba, abin da ya sa abokan aiki suka raina ni ke nan.

Mai sauke kaya a sama wani dattijo ne mutumin Damagaram. Ƙaramar mota ke zagayawa da shi ta bayan dutsen da safe, ta koma ta ɗauko shi da yamma. Tunda ya ji ni Bakano ne ya samu abokin wasa. Ba ya kirana sai bawansa. Ta oba-oba, wato rediyon hannu da ke haɗa sama da ƙasa, yakan ce a gaya wa bawansa ya rage ɗaure kaya kamar mai ɗaure gawa, hannunsa ya gaji da kwancewa. Ni kuma in ce a gaya wa tsohon nan ubangidansa na Kano ya ba shi izinin shan ruwa. Mai injin, wani Bapakistane mai haƙuri, ba ya jin Hausa, amma yana ganin muna dariya shi ma sai ya yi.

Duk ranar hutu in na shiga Deira nakan sayo kuka da daddawa wurin mutanenmu, in riƙa yin tuwon semo a masauki. Wata rana na zuba a kwanon samira, na ɗaure da ƙyalle, na cusa tsakanin buhuna. Ashe na jawo wa kaina aiki. Daga ranar kullum sai kwano ya hau da lodin safe, ya sauko a gugan ƙarshe kafin hutun rana. Kuma bai taɓa saukowa haka nan ba. A wanke yake zuwa tas, da wani abu a ciki. Yawanci dabino. Wani lokaci ɓarin goro, ko alawa. Ranar da ba shi da komai, wani farin dutse mai sheƙi ya saka mini. Na ce masa Baba, ai ba sai ka wahalar da kanka ba. Ya ce a gidansu ba a mayar da kwano wayam, ko da kwanon bawa ne.

Ranar da nake ba ku labari cikin tsananin zafi ne, irin lokacin da ake tsayar da aiki da rana tsaka. Abokin aikinsa na sama, wani ɗan Nepal, ya tafi gwajin lafiya na sabunta biza, dattijo shi kaɗai ne. Lodin ƙarshe ya hau, muka hango jan ƙyallen da yake ɗagawa alamar ya sauke, mai inji ya jawo guga ya kashe inji. Oba-oba ta ɗan yi wani gurnani, amma a cikin duwatsun nan kullum haka take yi, ba wanda ya kula. Na ɗauko kwanona. Ɗaurin ya yi sako-sako. Na buɗe, a wanke yake, amma babu komai a ciki.

Na duba cikin ƙyallen. Na shiga leƙen gugan ko dabinon ya faɗi. Wani abokin aikina ɗan Bauchi, wanda muke ɗaki ɗaya, yana kwance a inuwa yana kallona. Da na gaya masa, dariya ya yi har da buga ƙafa. Ya ce yau kuma dabino ne ya hana ni zama, jiya ƙulli, shekaranjiya gajimare. Ya ce tsoho ya sauke kaya, ya ɗaga tuta, ya ci tuwo ya wanke kwano, me ya rage? Dabinonsa ne ya ƙare, khalas, shi ke nan. Na kira oba-oba, shiru. Ɗan Bauchin ya ce barci yake, in bar bawan Allah ya huta.

Gaskiya maganarsa ta fi tawa kama da hankali. Na zauna, na tashi, na sake zama. Na san halina. Na sha tayar da mutane a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ina tsoron in hau dutsen nan a banza in dawo a yi ta mini dariya har ƙarshen aiki, ina kuma tsoron zafin da ke iya kayar da ni a hanya. Amma duk inda na kai tunanina sai ya dawo kan farin dutsen nan. Mutumin da ya rasa abin sakawa ya tsinci dutse, a wurin da ba abin da ya fi dutse yawa, me zai hana shi yau?

Na je wurin mai inji na yi ta kwatance da hannu da guntun Larabcina. Ya kira direba, aka ce motar ta tafi gari, sai an jima. Na dubi gugan nan, wanda cikin ɗan lokaci zai kai ni, na dubi mai inji. Ya girgiza kai ya ce, "La, habibi." Ya miƙo mini gorar ruwa da tasa oba-obar, ya nuna mini hanyar ƙafa ya ce shuwayya shuwayya, wato a hankali.

Hawan nan ban san yadda na yi shi ba. Dutse yana ƙona tafin hannu, numfashina yana fita da ƙara, igiya tana bisa kaina shiru ba motsi. Ina tafe ina addu'ar Allah Ya sa in same shi yana minshari ya zage ni.

Na same shi a jingine da turken igiyar, rabin jikinsa a rana. Bakinsa ya karkace, hannunsa ɗaya a yashe kamar ba nasa ba. Idonsa biyu, yana kallona. Ya yi ƙoƙarin magana, abin da ya fito shi ne irin gurnanin da muka ji a oba-oba. Ɗayan hannun a dunƙule yake. Da na ja shi inuwa hannun ya buɗe, sai ga dabino.

Na yi kira ƙasa. Nan da nan na ji inji ya tashi. Gugan da ya saba kawo siminti ya iso da ƙanƙara da ruwa da tabarma da gadon ɗaukar marar lafiya. Ɗan Bauchin nan da kansa ya hau da gudu, ya iso yana haki. Mu muka ɗauke shi zuwa bayan dutsen inda motar asibiti ta iya tsayawa. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, kuma da ya kai yamma a wurin da sai dai wani labarin.

Da bakinsa ya fara sakuwa na je duba shi. Na ce Baba, ka tsorata ni. Ya daɗe yana haɗa kalmomin. Ya ce bayan ya ɗaga tuta ne ya ji harshensa ya mutu, ƙafa na neman ɗaukewa, guga kuma na shirin tafiya. Dabinon na cikin kwano, sai ya cire shi.

"Na san halinka," ya ce. "Duk cikinsu kai kaɗai ne ba za ka iya zama ba." Ya ɗan huta, sannan ya ƙara da cewa, "Bawan kirki."



Har yau ban rabu da fargaba ba, kuma ba na yabon ta, tana wahalar da ni. Amma na koyi cewa ɗan abin da mutum ya saba yi maka kullum, gaisuwa ce ko dabino a kwano, shi ne hanyar da yake gaya maka yana lafiya. Ranar da ya yanke, gara ka tashi ka duba a yi maka dariya. A baƙon wuri ba mu da dangin da ya wuce wanda ya san al'adarmu har zai lura in ta canza.

Bayan an sallame shi an mayar da shi gida ina bakin aiki, lambarsa ta nan kuma ta daina shiga. Yanzu ina lodin jiragen ruwa a Port Saeed a nan Dubai, na tambayi mutanen Nijar da ke Al Rigga har na gaji. Don Allah duk wanda ya san wani dattijo a Damagaram ko kewayenta, da ya yi aikin igiyar kaya a duwatsun Dubai ya koma yana jan ƙafar hagu, ya taimaka ya sanar da ni ko yana raye. In kuwa kun gan shi, ku ce masa ubangidansa na Kano yana gaishe shi, kuma har yanzu yana bin sa dabinon ranar nan.